Tsakanin alli da makirufo: wace takarda ake nema, wace ƙwarewa ake dubawa?

Duk shekara, da zarar an buɗe sayar da fom ɗin JAMB, sai wasu maganganu biyu su dawo bakin jama'a kamar yau aka fara yin su. Ta farko, wai an soke kwas ɗin Maskom, wato karatun aikin jarida da sadarwa, a jami'o'in Najeriya, saboda haka yaron da ke sha'awar aikin jarida ya nemi wata hanya. Ta biyu, wai gwamnati na dab da korar duk malamin da ba shi da rajistar hukumar malamai ta TRCN daga aji. Uba ya ji a majalisa, uwa ta ji a gidan biki, yaro ya gani a WhatsApp, daga ƙarshe a bar wa mai shagon kafe ya zaɓa wa yaro abin da zai shafe shekara huɗu yana karantawa.

Kowacce a cikinsu tana da ƙamshin gaskiya, amma babu wadda ta zo daidai. A ƙarƙashinsu kuma akwai wata tsohuwar fahimta da ta fi su ɓarna, cewa koyarwa da aikin jarida sana'o'i ne na "kowa ma zai iya", inda ake raɓewa kafin aikin gaske ya samu. To wa doka ta yarda ya tsaya gaban allo? Wa ta yarda ya riƙe makirufo? Me kuma ake dubawa ranar da za a ɗauki mutum aiki?

Amsar ta sha bamban da yadda ɗalibanmu suke shiri. A koyarwa takarda ce ke da ƙarfin doka, kuma ita masu digiri suka fi rainawa. A aikin jarida da wuya edita ya nemi takardarka kafin ya nemi rubutunka, amma takardar ce ɗalibai suka jingina da ita.

Shin da gaske an soke Maskom?

Rarraba shi aka yi. Tun 1961, lokacin da Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta fara ba da digiri a aikin jarida, har zuwa 'yan shekarun nan, girkin iri ɗaya ne: a zuba rubutun jarida, aikin rediyo da talabijin, talla, hulɗa da jama'a da ɗaukar hoto a tukunya guda, a dafa shekara huɗu. Ɗalibi ya ɗanɗani kowanne, bai ƙoshi da ko ɗaya ba. Malaman fannin da kansu sun daɗe suna wannan kuka, cikinsu har da Farfesa Umaru Pate, wanda a lokacin yake Jami'ar Bayero ta Kano. A farkon 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar da raba kwas ɗin gida bakwai: aikin jarida, watsa shirye-shirye ta rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim da dangoginsa, sadarwa don raya al'umma, sai nazarin bayanai da kafafen yaɗa su. Shugaban hukumar na wancan lokacin, Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, ɗan gida ne a harkar: malamin Ingilishi ne da ya taɓa jagorantar jaridar New Nigerian a Kaduna kafin ya shugabanci Jami'ar Bayero.

A Disamban 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i mai suna CCMAS, inda NUC ke tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike sauran kashi 30. Sai dai buɗe sabon reshe yana buƙatar malamai da kayan aiki da amincewar hukumar, shi ya sa har gobe jami'o'i da dama suna ɗaukar ɗalibai da tsohon sunan. Wanda kuwa ya riga ya karɓi digirinsa na Maskom, babu abin da ya taɓa takardarsa.

Masu goyon bayan rarrabawar suna cewa yanzu ne ɗalibi zai samu damar nutsawa a abu ɗaya. Masu suka suna cewa kasuwa ta juya wani ɓangaren: ƙaramin gidan rediyo a Gusau ko Dutse ba shi da kuɗin ɗaukar mutum huɗu, mutum ɗaya yake nema da zai ɗauko labari, ya rubuta, ya karanta, ya yanka bidiyo, ya ɗora a Facebook. Ga kuma yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ake so ya zaɓa tsakanin talla da hulɗa da jama'a tun bai san bambancinsu ba. Ni dai abin da na lura da shi shi ne, sabon suna a jikin ƙofar sashe ba ya haifar da situdiyo. Inda ɗalibai ɗari biyu ke layi a kan kyamara ɗaya, ko sunan me aka sa wa digirin, a allo za a koyi ɗaukar hoto.

Wa doka ta kira malami?

Nan ne ake da ƙa'ida a rubuce. Dokar soja mai lamba 31 ta 1993 ce ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, ta kuma ɗauki koyarwa a matsayin sana'a mai sakata kamar likitanci da lauyanci. Wanda ba shi da rajista kuma yake koyarwa ana biyansa, a rubuce ya aikata laifin da ke da tara ko ɗauri. Mafi ƙarancin takardar shiga ita ce NCE, wadda kwalejojin ilimi ke bayarwa. Hukumar ta kasa malamai rukuni huɗu: D na masu NCE, C na masu digirin farko a fannin ilimi ko digiri a wani fanni haɗe da diflomar koyarwa ta PGDE, B na masu digiri na biyu, A na masu digirin digirgir. Daga 2017 aka ƙara da jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta kafin a yi wa mutum rajista, sannan akwai lasisin da ake sabuntawa.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. Saurayin da ya fito da sakamako mai daraja ta ɗaya a Kimistiri, a idon wannan doka ba malami ba ne. Yarinyar da ta yi NCE a kwalejin ilimi ta jiharsu ta kuma ci jarrabawar TRCN, malama ce. Mutane sukan ji wannan kamar raini, alhali hikimar a fili take. Digirinsa shaida ne cewa ya san abin. Takardar koyarwa shaida ce cewa an nuna masa yadda zai sa ɗan wani ya sani: yadda ake tsara darasi, yadda ake auna ko an fahimta, yadda ƙwaƙwalwar ɗan shekara bakwai ta bambanta da ta ɗan sha biyar. Ana yin PGDE a jami'o'i, da jami'ar karatu daga gida ta NOUN, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976, kuma yawanci bai wuce shekara guda da 'yan watanni ba.

Maganar kora kuwa, an sha sa wa'adi. Wanda ya fi yin amo shi ne na 31 ga Disamban 2019. Ranar ta zo ta wuce, malamai na nan a azuzuwansu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in aka fitar da marasa rajista a rana ɗaya, musamman a makarantun kuɗi na cikin unguwa da makarantun ƙauye, babu masu maye gurbinsu. Wannan ne ya sa da yawa suke ganin dokar ta mutu. Barci take yi, kuma an san lokutan da take farkawa: ranar da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko gwamnatin tarayya za ta ɗauki malamai, ranar ƙarin girma, ranar da babbar makarantar kuɗi mai biya da kyau za ta tace masu nema. Tun Fabrairun 2023 da Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya na wasu darussa, irin su lissafi da kimiyya, ƙofar neman shaidar koyarwa a can, wasiƙar TRCN ta zama abin nema ruwa a jallo ga waɗanda a da ko kallonta ba sa yi.

Akwai kuma canjin da iyaye da yawa ba su ji labarinsa ba. Wata doka ta 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu ban da NCE, wasunsu ma, kamar ta Kano da ta Zariya, an mayar da su jami'o'in ilimi. Amma saƙon da ake aika wa yara bai canza ba. A 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 150 ne, na kwalejin ilimi 100. Yaro ba ya buƙatar tafinta ya gane abin da ake nufi.

Ɗan jarida fa, wa ke ba shi izini?

A taƙaice, babu kowa. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da watsa bayanai, sashe na 22 kuma ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin bin diddigin gwamnati. Lasisin da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ke bayarwa na gidan rediyo ne ko talabijin, ba na ma'aikacin da ke ciki ba. An yi yunƙurin sa sakata: dokar Majalisar 'Yan Jarida ta 1992, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1999, ta tanadi rajistar 'yan jarida. Masu gidajen jaridu suka garzaya kotu, a 2010 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke sassa da dama na dokar, aka ɗaukaka ƙara, aka shiga jan zare na shekaru. A Yulin 2021 da majalisar dokoki ta ƙasa ta so ƙara wa dokar haƙora, manyan jaridun ƙasar suka fito rana ɗaya da shafin farko iri ɗaya na nuna adawa.

Abin lura ne cewa malamai na neman a tsananta lasisi don sana'arsu ta yi daraja, 'yan jarida kuma na gudun sa. Hujjarsu ita ce wanda ya ba ka izinin magana shi ke da ikon ƙwacewa ranar da ka faɗi abin da ba ya so. Ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ, wadda aka kafa a 1955, tana da sharuɗɗan karatu kafin ta ba da kati, amma katin ƙungiya daban, izinin aiki daban.

Rashin sakata ba ya nufin rashin tarko. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai 'yan jarida da dama ofishin 'yan sanda, har aka gyara shi a 2024 saboda ƙorafi, kuma kamen bai tsaya ba. A kundin Penal Code da jihohin Arewa ke aiki da shi, ɓata suna laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kansa. A ɗaya hannun akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumar gwamnati kwana bakwai ta amsa buƙatar duk wanda ya nemi bayani a rubuce. Ɗalibai na haddace shekarun waɗannan dokoki don jarrabawa. Ka tambayi aji guda na 'yan shekarar ƙarshe wa ya taɓa rubuta irin wannan wasiƙa ya kai ƙaramar hukumarsu, ka ga yadda za a yi tsit.

Inda hanyoyin biyu suke haɗuwa

Ba yau aka fara ba. Abubakar Imam malami ne a Makarantar Midil ta Katsina kafin a kira shi Zariya, inda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Janairun 1939. Ba shi da digirin aikin jarida, a lokacin ma babu inda ake ba da shi a ƙasar. Abin da ya zo da shi daga aji shi ne sanin yadda ake ɗaukar magana mai nauyi a sauke ta daidai kunnen mai sauraro ba tare da an zubar da rabinta a hanya ba. Malamin da ke bayanin kason lissafi ga 'yan aji huɗu da wakilin da ke bayanin kasafin kuɗin jiha ga mai shayi, aiki ɗaya suke yi da kayan aiki daban.

A yau hidimar ƙasa ce ke haɗa su, ko suna so ko ba sa so. Mafi yawan masu yi wa ƙasa hidima makarantu ake tura su. Wanda ya yi shekara huɗu yana mafarkin karanta labaran ƙarfe bakwai sai ya tsinci kansa a wata sakandaren ƙauye, an miƙa masa alli da dasta, an ce kofa ga Ingilishi da Gwamnati, daga aji ɗaya zuwa uku. Da yawa daga nan ba sa sake fita, domin bayan hidima makarantar kuɗi ce kaɗai ke cewa zo gobe ka fara. A ɗaya gefen, leƙa ɗakunan labarai na gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato ka tambayi abin da ma'aikata suka karanta. Za ka tarar da masu digirin Hausa, Ingilishi, Tarihi, Kimiyyar Siyasa, da masu NCE da suka shigo ta hanyar fassara ko gabatar da shiri.

Wato kowane ɗalibi a cikin rukunin nan biyu yana iya ƙarewa a sana'ar ɗan'uwansa. Manhaja ba ta faɗa masa haka, kuma shi ma ba ya son ji.

TP da IT: makonnin da ake wasa da su

In akwai wurin da ake rabuwa tsakanin wanda zai samu aiki da wanda zai yi ta yawo da fayil, nan ne. Ɗalibin fannin ilimi yana fita koyarwar gwaji, wadda kowa ke kira TP: a jami'o'i da yawa makonni shida sau biyu, a kwalejojin ilimi zango guda cur. Ɗalibin aikin jarida yana fita sanin makamar aiki, wato IT, a gidan rediyo, talabijin ko jarida. A takarda, nan ne ake haɗa karatu da aiki. A zahiri, da yawa sun mayar da shi hutu: a nemi makarantar da ke bayan gida, a shirya da hedimasta ya buga waya ranar da malamin jami'a zai zo dubawa, ko a kai littafin sa hannu gidan rediyo a ranar ƙarshe a roƙi hatimi.

Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon wata ɗaliba 'yar TP. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Na ƙirga har na wuce ɗari na daina. Rabin yaran a ƙasa suke zaune, allon ya koɗe har alli ba ya kama shi sosai. Ta zo da tsarin darasinta a rubuce tsaf, da jan biro da shuɗi, mataki na ɗaya, mataki na biyu. Minti goma na farko suka tafi a "ku yi shiru". Da ta juya za ta yi rubutu, 'yan baya suka fara dambe. Tsohuwar malamar ajin, wadda tun ɗazu take bakin taga, ta shigo ba ta ɗaga murya ba. Ta tafa sau uku, yaran suka amsa da tafi uku, ta kira sunan yaron da ya fi kowa fitina ta ba shi riƙon dasta. Aji ya kwanta. Ta dubi ɗalibar ta ce, "Malama, kada ki ƙara ba su baya kina magana. Ki rubuta kafin su shigo." Babu handawut ɗin da ke ɗauke da wannan jumla.

Ɗakin labarai ma haka yake, sai dai shi agogo ne ke dukan mutum. Saura minti ashirin a shiga labarai, edita ya miƙa wa ɗan IT sanarwar gidan gwamnati da Turanci ya ce a mayar da ita Hausa. Yaro ya duƙufa, ya kawo. Layin farko: "Gwamna ya biya ziyarar ta'aziyya." Edita ya sauke tabarau ya ce, "Nawa ya biya?" Aka yi dariya, aka gyara zuwa "ya kai ziyara". A layi na uku an rubuta cewa sabon kwamishina "ya ɗauki rantsuwa", aka mayar "an rantsar da shi". Sannan ga rashin ƙugiya a haruffa, inda "ƙasa" ta koma "kasa", mai karanta labarai ya yi tuntuɓe a kan iska. Yaron Bahaushe ne gaba da baya, a gidansu ba a yin wani yare. Amma tunda ya bar aji uku na sakandare bai sake rubuta shafi guda da Hausa ba, kuma duk karatunsa na jami'a da Turanci aka yi.

Wannan giɓi ne babba da ba a cika magana a kansa ba. Kaso mai yawa na aikin jarida a Arewa da Hausa ake yin sa: gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita tun bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, jaridu irin su Aminiya, shafukan intanet, da sassan Hausa na kafafen waje. Jarrabawar shiga irin waɗannan wurare kusan kullum fassara ce da rubutu da gwajin murya. Ɗalibin Maskom da ya raina kwas ɗin zaɓi a sashen harsunan Najeriya, ranar nan zai ga mai digirin Hausa ya wuce shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kuɗi

Gara a faɗe ta tun yanzu. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai. Shekara guda bayan nan aka sanar da tallafin naira 75,000 duk zangon karatu ga ɗaliban digirin ilimi, da naira 50,000 ga 'yan NCE. Ƙungiyar malamai ta NUT ta sha kukan cewa albashin na musamman bai sauka ƙasa ba, ɗalibai ma sun sha yin nasu kukan a kan tallafin. Abin da ya zama doka shi ne ƙarin shekarun ritaya a 2022, zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Tsofaffin malamai sun ji daɗi. Ga wanda ya fito jiya kuwa, a jihar da ta ɗauki tsarin, kujerar da yake jira ta ƙara shekara biyar kafin ta zama fanko.

Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, shi ya sa yake bambanta daga jiha zuwa jiha. An sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, amma a 2025 sai da malaman firamaren Abuja suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kafin a saurare su a kansa. A ƙananan makarantun kuɗi kuwa, ba abin mamaki ba ne kofa mai karɓar alawus na naira 77,000 ya fi malamin dindindin da ke koyarwa a aji na kusa da shi samu. Wanda ya gama hidima ya zauna a nan, albashinsa ƙasa yake yi.

A aikin jarida ramin ya fi zurfi, don ba a ganin sa. Akwai gidajen da ke bin ma'aikata bashin albashin watanni, akwai waɗanda ke miƙa wa sabon wakili katin shaida kawai, a bar shi ya nemi abincinsa da shi. Daga nan ake shiga layin "kuɗin mota" bayan taron manema labarai. Farko kunya ake ji, daga baya a fara ƙirgawa a gaban mai bayarwa. Matsalar ita ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da labarin mai ba da ambulan ɗin kuɗin ya ɓaci, alƙalami ba zai motsa ba. Gidajen rediyo da yawa kuma da sayar da fili suke rayuwa, shi ya sa sojojin baka na 'yan siyasa suka fi wakilai jin daɗin iska. Kafafen waje da kowane ɗalibi ke hange, gurabensu kaɗan ne kuma ba su da tabbas kamar da. BBC Hausa na nan tun 1957, DW da RFI da TRT Afrika na ɗaukar mutane jefi-jefi, amma a Maris na 2025 umarni ɗaya daga fadar shugaban Amurka ya sa sashen Hausa na Muryar Amurka, mai watsa shiri tun 1979, ya yi shiru.

Takarda ko baiwa, kuma wa abin yake shafa?

Masu cewa baiwa ce suna da misalai: tsofaffin malaman Grade II da suka fi wasu masu digiri iya koyar da karatu, da masu gabatar da shirye-shirye da ba su taɓa shiga ajin Maskom ba amma gari ke tsayawa in sun fara magana. Sukan kuma kawo Kaduna. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75 da aka gindaya, aka sallame su. NUT ta ce hurumin gwada malami na TRCN ne, ba na gwamnatin jiha ba, ta kuma soki yadda aka yi jarrabawar. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, abin da ya fito fili shi ne riƙe takarda bai tabbatar da iyawa.

Masu kare horo suna cewa ana ganin mai baiwa ɗaya da ya yi fice, ba a ƙirga tara da suka yi ɓarna. Kuma ɓarnar a kan talaka take sauka. Mai hali zai kai ɗansa inda ake tace malamai. Manomi kuwa ɗansa na hannun kofan da bai taɓa koyon yadda ake koyar da haɗa baƙi ba, wanda zai tafi bayan wata goma sha ɗaya a kawo wani ya faro daga farko. Haka mai sauraron da rediyo ce makarantarsa: in wanda ke bayan makirufo bai san bambancin zargi da hukunci ba, sai ya kira wanda ake tuhuma ɓarawo, unguwa ta ɗauka. Yanzu da kowane mai waya da data ke kiran kansa ɗan jarida, abin da ya rage wa mai horo shi ne abin da mai waya ba ya yi: kiran ɗaya ɓangaren, duba takarda, jiran tabbaci ko da wani zai riga shi ɗorawa.

Wanda ya riga ya gama fa?

Mai digirin da ba na ilimi ba, wanda ya ga alamar aji ne zai riƙe shi, PGDE da jarrabawar TRCN ne a gabansa, kuma gara ya yi tun kafin a buɗe ɗaukar aiki, don sanarwar gwamnati ba ta ba da wa'adin shekara. Mai digirin ilimi ko harshe da ke son ɗakin labarai yana iya yin diflomar gaba da digiri a aikin jarida, amma abin da za a fara tambayarsa shi ne aikin da ya taɓa yi. Wanda yake makaranta har yanzu yana da abin da waɗannan biyun suka rasa: rediyon jami'a irin BUK FM, jaridar bango ta sashe, shirye-shiryen horar da 'yan jaridar harabar jami'a irin na cibiyar CJID da ke Abuja, da Islamiyya ko makarantar dare ta unguwa da kullum take neman mai taimakawa. Rahoto goma da aka buga da sunansa, sauti uku da ya naɗa ya tace da wayarsa, da zango guda da ya riƙe aji shi kaɗai har aka yi jarrabawa ya ga sakamakon yaran, su ne za a buɗe a gaban kwamitin ɗaukar aiki bayan an ajiye kwafin digirin a gefe.